Sirrin Gwamnati Da Haƙƙin Jama'a Na Su Sani: Abin Da Kuɗin Man Doba Ya Koya Mana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wani zaman karatu tsakanin Magariba da Isha a masallacinmu na nan Abena, wani ɗalibi ya yi mana tambaya. Ya ce idan hukuma ta ce abu kaza sirrin ƙasa ne, shin Musulmi yana da damar ya ci gaba da tambaya, ko yin hakan fita ne daga ɗa'a ga shugabanni? Lokaci bai ishe mu ba a daren, sai muka yi alkawarin za mu amsa a rubuce.

Farkon abin da za mu tabbatar shi ne, Shari'a ta yarda shugaba ya riƙe sirri, wani lokaci ma ta wajabta masa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 83, Allah Ya zargi masu gaggawar baza labarin aminci ko na tsoro tun kafin su mayar da shi ga Manzo da ma'abota al'amari. A watan Rajab na shekara ta 2 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W) ya tura Abdullahi ɗan Jahshi (R.A) da wata 'yar ƙaramar runduna, ya ba shi wasiƙa, ya umurce shi kada ya buɗe ta sai ya yi tafiyar kwana biyu. A shekara ta 8, lokacin shirin buɗe Makka, Haɗibu ɗan Abi Balta'a (R.A) ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana ba su labari, aka tura Sayyidina Aliyu (R.A) da abokan tafiyarsa suka karɓo ta a hanya, farkon Suratul Mumtahana ya sauka a kan wannan. Akwai kuma Huzaifa ɗan Yamani (R.A) da aka ba shi sunayen munafukai, ya riƙe su har Sayyidina Umar (R.A) da kansa yana zuwa yana tambayarsa ko sunansa na ciki.

To amma ɗalibi ya sake duba waɗannan ƙissoshi da kyau. Wasiƙar Abdullahi ɗan Jahshi tana da wa'adi, kwana biyu kawai, kuma da ya buɗe ta ya karanta wa mutanensa, a cikinta ma an hana shi tilasta wa kowa ya bi shi. Sirrin buɗe Makka an riƙe shi ne don a rage zubar da jini. Sunayen da Huzaifa ya riƙe mutuncin wasu mutane ne, shugaba ba ya cin ribar komai da ɓoye su. Sannan ga yaƙin Tabuka a shekara ta 9. Ka'abu ɗan Malik (R.A) ya ba da labarin cewa al'adar Manzon Allah idan zai fita yaƙi yakan sakaya inda ya nufa, amma a Tabuka ya faɗa wa mutane a fili, saboda tafiyar mai nisa ce, ga zafi, ga yawan abokan gaba, dole kowa ya yi shiri daidai da abin da ke gabansa. Wato da nauyin ya zama jama'a ne za su ɗauka da dukiyarsu da jikinsu, sai aka sanar da su.

A ɓangaren dukiya kuwa, abin da aka sani daga gare shi bayani ne da binciken ma'aikata. Da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka yi masa, Manzon Allah ya yi masa lissafi, sannan ya hau mumbari ya yi maganar a gaban jama'a. Da Ansaru suka ji ba daɗi a kan rabon ganimar Hunainu, ya tara su ya yi musu bayanin dalilinsa har suka yi kuka. Shi ne ma'asumi, amma da wasu Ansaru biyu suka gan shi da dare tare da wata mace, ya tsayar da su ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce, don kada zato ya shiga zukatansu. Idan wanda Allah Ya tsarkake ya ga dacewar kore zato daga kansa, ina ga minista ko darakta? A ƙasar Hausa ma, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha, yana ta maimaita masa gargaɗi a kan sarki ya shige bayan labule ya nisanci talakawansa.

Yanzu mu dawo gida, domin Chadi ta taɓa gwada wannan mas'ala a aikace, duniya kuma tana kallo.

Kafin a fara haƙo man Doba, Bankin Duniya ya gindaya sharaɗin cewa sai an yi dokar da za ta tsara yadda za a kashe kuɗin. Aka yi doka mai lamba 001 a watan Janairun 1999. Bankin ya amince da aikin a 2000, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga yankin Doba zuwa Kribi a bakin tekun Kamaru, mai ya fara gudana a 2003. Kamfanonin su ne Esso da Petronas da Chevron. Dokar ta ce kason Chadi na kai tsaye zai fara sauka a wani asusu a Landan. A ware kashi 10 cikin ɗari a ajiye wa 'yan baya. Abin da ya rage, kusan kashi 80 ya tafi ga ilimi da lafiya da hanyoyi da ruwa da raya karkara, kashi 5 kuma ga yankin da ake haƙo man. Mu da muke zaune a Abena, inda maƙwabtanmu da yawa 'yan kudu ne, mun sha jin zancen wannan kashi 5 a bakin waɗanda gonakin danginsu bututun ya ratsa.

Abin da ya fi jan hankalinmu a dokar shi ne kwamitin sa ido, wanda aka fi sani da Kolej. Mutum tara ne, huɗu daga cikinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne: wakilin ƙungiyoyin raya ƙasa, da na ƙwadago, da na masu kare haƙƙin ɗan Adam, da na addinai, kujerar da Musulmi da Kirista suke karɓa-karɓa. Ba a fitar da kuɗi daga asusun mai sai da sa hannunsu. Sun fita sun duba ayyuka, sun kuma wallafa rahotanni da suka nuna ayyukan da aka biya ba a kammala ba, da kayan da aka saya da tsada fiye da ƙima. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira hisba, ko da masu rubuta dokar ba su kira shi da wannan suna ba.

Sai dai tun farko akwai ƙofofin da aka bari a buɗe. Dokar ta shafi filaye uku ne kawai, Kome da Miandum da Bolobo. Harajin da kamfanonin ke biya bai shiga ƙarƙashinta ba, kai tsaye yake zuwa baitulmali, shi ne kuma daga baya ya yi yawa ƙwarai. Tun a 2000 ma, da aka biya Chadi ladan sa hannu na dala miliyan 25, sai daga baya aka gano an sayi makamai da kusan dala miliyan 4 da rabi daga ciki. A ƙarshen Disambar 2005 majalisa ta gyara dokar, ta soke asusun 'yan baya, ta sa tsaro cikin jerin abubuwan da za a fifita. Bankin Duniya ya dakatar da ba da rance a Janairun 2006, aka sasanta a tsakiyar shekarar, sannan a Satumbar 2008 ya janye daga aikin gaba ɗaya bayan Chadi ta biya bashin da yake bin ta.

A nan ne adalci ya wajaba a kanmu. Hujjar da marigayi Shugaba Idriss Deby ya kafa ita ce ƙasa na fuskantar yaƙi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ranar 13 ga Afrilun 2006 'yan tawaye sun shigo Njamena. A farkon Fabrairun 2008 sun sake shigowa har suka kewaye fadar shugaban ƙasa, dubban mutane suka tsallaka gada zuwa Kusuri da yara a goye. Wanda ya ga waɗannan ranaku ba zai ce sayen makami almubazzaranci ne ba, ba kuma zai nemi a karanta a rediyo yawan tankokin da ake da su da inda aka girke su ba. Wannan sirri ne irin na wasiƙar Abdullahi ɗan Jahshi.

Amma inda aka girke tanka daban, kuɗin da aka biya aka saye ta daban. Abokin gaba yana amfana da sanin na farko. Na biyun kuwa, wanda ya fi amfana da ɓoye shi shi ne dillalin da ya ninka farashi da jami'in da ya karɓi kasonsa. Ko da an ga bai dace a buga lissafin a jarida ba, ya wajaba a samu amintattun mutane, 'yan majalisa ko alƙalan kotun binciken kuɗi, waɗanda shugaba ba zai iya korarsu da waya ɗaya ba, su ga takardun a ɗaki a rufe, su fito su shaida wa jama'a cewa lissafi ya daidaita ko bai daidaita ba. Abin da ya faru bayan 2005, a fahimtarmu, shi ne kalmar tsaro ta zama babban bargo, kuɗi suka riƙa bi ta hanyoyin da idon Kolej ba ya kaiwa.

Rana ba ta ƙarya. A 2014 kamfanin mai na ƙasa ya ci bashin kusan dala biliyan 1 da miliyan 400 daga kamfanin Glencore don ya sayi kashi 25 na Chevron, za a riƙa biya da ɗanyen mai. A lokacin gangar mai ta haura dala 100. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, mafi yawan man da ya kamata ya shigo wa gwamnati da kuɗi ya koma biyan bashi. A shekarar aka fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu, aka zabtare alawus na ma'aikata, makarantu da asibitoci suka shiga yajin aiki na watanni. Malamin firamare da aka rage wa kuɗi bai taɓa ganin takardar bashin ba, ba a kuma nemi shawararsa ba, amma shi ya biya. A 2021 Chadi ce ƙasa ta farko da ta nemi a sake tsara mata basussukanta a ƙarƙashin sabon tsarin ƙasashen G20. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. In an umurci mutum biyu da haka a kan 'yan kuɗi kaɗan, bashin da za a ɗora wa miliyoyin mutane da jikokinsu ya fi cancantar shaidu.

Akwai wani nau'in sirri da ya fi na kuɗi muni, manyanmu sun san shi. A zamanin Hissene Habre, daga 1982 zuwa 1990, hukumar DDS tana kama mutum da dare, iyalinsa ba su da inda za su tambaya. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai dubu 40. A 2001 masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch suka tarar da takardun hukumar a zube a tsohon ofishinta a nan Njamena, a ciki akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu da 12,321 da aka azabtar ko aka tsare. Da waɗannan takardu aka kafa hujja a kotun Dakar da ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Duk an rubuta su ne da sunan tsaron ƙasa. Babu mazhabar da ta halatta a ɓoye wa mace ko mijinta yana raye, alhali iddarta da gadon 'ya'yanta sun rataya a kan wannan labari.

Saboda haka amsarmu ga ɗalibinmu ita ce, tambaya cikin ladabi ba ta warware ɗa'a, tana cikin nasihar da addini ya ɗora mana ga shugabanni. Idan aka ce maka abu sirri ne, ka duba wa sirrin yake karewa, jama'a ko mai riƙe da muƙami. Ka duba ko akwai wani amintacce da yake gani a madadinka, da kuma ko akwai ranar da za a buɗe. Ɗalibi kuma ya kiyaye nasa ɓangaren. Takardar da ta faɗo a WhatsApp ba a san tushenta ba, musamman mai ɗauke da motsin sojoji ko sunan mutumin da ba a tabbatar da laifinsa ba, tura ta gaba yana shiga cikin abin da ayar Nisa'i ta zarga. Chadi tana cikin shirin bayyana kuɗin ma'adinai na ITIE tun 2010, ana wallafa rahotanninsa da Faransanci, masu karatun jami'a a cikinmu su nemo su su karanta su fassara wa iyayensu.

Ba za mu nemi gwamnati da abin da muka kasa yi a masallatanmu ba. Muna kira ga kwamitocin masallatai su riƙa karanta abin da aka tara ranar Juma'a da abin da aka kashe, ko da sau ɗaya a wata, a manna takardar a bango, mai ajiyar kuɗi ya zama daban da mai sa hannu. Sunayen waɗanda aka bai wa zakka ko aka biya wa kuɗin magani kuwa, su tsaya tsakanin liman da mutum biyu amintattu, a faɗi adadinsu da jimillar kuɗin kawai.

Allah ne Mafi sani.