Wa Zai Saurari Majinyacin Bakin Tafkin Kainji?

Kowane wata cibiyoyin lafiya na Yauri, Ngaski da Shanga a jihar Kebbi kan haɗa rahoton yawan allurai da haihuwa da masu zazzaɓi, su tura sama. Abin da rahoton bai cika ɗauka ba shi ne ta bakin majinyaci, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Amurka an fara yi wa waɗanda aka sallama daga asibiti tambayoyi iri ɗaya a 2006, kuma daga 2012 amsoshinsu suna shafar kuɗin da gwamnati ke biyan asibitin. A nan gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, sannan a Yulin 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Kebbi na cikin jihohin da suka fi buƙatar ganin amfanin waɗannan: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaranta, adadi mafi yawa a Najeriya.

Sai dai wajen jin ta bakin majinyaci, takardar cikewa ba za ta yi aiki a nan ba. Idan ma'aikacin da ya duba mutum ne ya tambaye shi yadda ya ga aikin, kara za ta sa ya ce "Alhamdu lillahi, mun gode." Don haka a tambaya da baki, a wajen asibiti, mace ta tambayi mace, da Hausa ko harshen Gungawa ko na Kambari. Tambayar kuma ta zama takamaimiya: Awa nawa kika jira? An ba ki magani ko an tura ki kemis? Nawa kika biya? Da dare kin samu ungozoma?

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya raba ƙauyuka da yawa da asibiti. Wanda kuɗin kwalekwale ya hana shi zuwa asibiti a Yelwa ko Wara ba ya cikin rajistar kowa, dole a bi shi har mashigi da ranar kasuwa.

Kwamitocin raya gundumomi za su iya wannan aiki. Sharaɗi ɗaya ne: a karanta sakamakon a gaban hakimi da jama'a, a faɗi abin da za a gyara da ranar gyaransa. In ba haka ba, mutane za su daina amsawa.