Wayar gilashi: kowane wuri da irin rigar da ta dace da shi

A shekara ta 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom aka kafa Niger Telecom, kuma a wannan shekarar ce Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin aikin jan wayar gilashi da za ta ƙetare Sahara. Tun daga nan maganar wannan waya, wadda ma'aikata ke kira fibir, ta shiga bakin ƴan kasuwar da ke odar ta da jami'an da ke rubuta takardun kwangila. Sai dai da yawa yawan zare da kuɗin metir guda kawai suke tambaya, alhali babbar magana tana ga rigar da aka sa wa zaren.

Shi zaren gilashin, wanda haske ke bi yana ɗauke da saƙo, kaurinsa kashi 1 cikin 8 ne na milimetir. Kusan iri ɗaya ne a yawancin wayoyin dogon zango. Abin da ke bambanta su shi ne kariyar da aka yi musu daga ruwa, rana, haƙori da nauyi.

Wayar da za a bizne kai tsaye cikin ƙasa tana bukatar sulken ƙarfe a ƙarƙashin baƙar robarta, domin kusu da gafiya na gaigayar roba. Akan bizne ta zurfin wajen metir 1, a shimfiɗa ragar gargaɗi a samanta, yadda mai haƙa zai ga ragar kafin digarsa ta kai ga waya. A duwatsun Adar na jihar Tawa da wasu unguwannin Damagaram, inda dutse ke hana zurfi, sai a yi mata shimfiɗar rairayi a rufe da kankare. A wajejen Gure da Maine-Sorowa kuwa iska ke kwashe rairayi ta tone abin da aka bizne, don haka ƙarin zurfi ake so.

Ruwa shi ne babban abokin gaba na biyu. Wayar da za ta ratsa fadama, ko bakin Gulbin Maraɗi, dole ta kasance da man da ke toshe ruwa a cikin bututunta, ko zaren da ke kumbura idan ya jiƙe. A mashigin ƙorama akan zura ta cikin bututun ƙarfe, saboda ambaliyar watan Agusta.

Cikin manyan birane kamar Yamai, inda ake yawan fasa gefen gudron, ya fi dacewa a fara bizne bututun roba, sa'annan a hura waya marar nauyi a ciki da iska. In an so ƙari wata rana, ba sai an sake haƙa ba.

Wadda za a rataya bisa turakun kuran kuma dabam take. Ita ce ake kira ADSS: babu ƙarfe ko kaɗan a jikinta, zaren aramid ne ke ɗauke nauyinta. Mai saye sai ya faɗi tazarar da ke tsakanin turaku, domin wadda aka ƙera don metir 100 ba ta jure metir 300 idan guguwar farkon damina ta taso. Waya mai sulke ba ta da wuri kusa da kuran; ko cikin ƙasa ma, sai an haɗa sulken da ƙasa saboda tsawa.

Akwai kuma ladabin aiki. Ƙa'idar da aka saba ita ce, lokacin jan waya, kada lanƙwasarta ta matse fiye da ninki 20 na kaurinta. Haka nan baƙar robar waje, da ke jure rana, tana ci da wuta da hayaƙi, shi ya sa ake canza ta da wata idan an shiga cikin gini.

A aikin biznewa, haƙa da mayar da ƙasa sun fi wayar kanta tsada. Wanda ya rage kuɗin riga, zai biya kuɗin rami sau biyu, ga banki da asibiti sun tsaya cik ranar da waya ta yanke. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ya kamata kowace takardar kwangila ta fara da bayanin wurin da waya za ta bi, kafin a zo maganar farashi.