Rasuwar El-Mu'az Birniwa: me ya sa mutuwar mawaƙi ke taɓa mu kamar ta ɗan uwa?

A daren Laraba, 4 ga Disamba 2024, labari ya fito daga Kaduna cewa Allah ya yi wa mawaƙi El-Mu'az Birniwa rasuwa. Ya je buga ƙwallon sada zumunci ne da aka shirya cikin hidimar bikin abokin sana'arsa Auta Waziri, sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka garzaya da shi asibiti, ashe rai ya yi halinsa.

Da gari ya waye a nan Kaugama, teburin mai shayinmu tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ga sanyin hunturu, ga kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Wani dattijo da ya zo sayen burodi ya dube mu ya ce, "Yara, wa ya rasu a gidanku?" Da aka faɗa masa, sai ya ce, "To ɗan uwanku ne?" Babu wanda ya iya ba shi amsa. Gaskiya ce, Birniwa da Kaugama masarauta ɗaya muke, ta Haɗeja, kuma hakan ya ƙara mana jin cewa namu ne. Amma a cikinmu babu wanda ya taɓa ko da musabaha da shi. To daga ina wannan ciwon ya fito?

Sanayya mai gefe ɗaya

Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan irin shaƙuwar da mai sauraro ke yi da mutumin da yake ji a rediyo ko yake gani a talabijin. Kai ka san muryarsa, ka san dariyarsa, shi kuwa bai ma san da zamanka ba. Sai dai zuciya ba ta wannan lissafin. Muryar da ke shiga kunnenka kullum, kana gona, kana kan babur, ko ka kwanta barci ya ƙi zuwa, a hankali takan koma kamar ta na gida.

Abu na biyu, waƙa rumbu ce. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa waƙoƙin da mutum ya ji a shekarun samartaka sun fi na kowane lokaci zama a ransa. Waƙar da aka sa a bikin yayarka, wadda ka tura wa budurwa ranar da kuka shirya, wadda kuka riƙa ji kuna ban ruwa a fadama lokacin noman rani, kowacce da abin da ka ajiye a cikinta. Ranar da mai waƙar ya rasu, sai rumbun ya buɗe gaba ɗaya. Ka ga kenan kukan kashi biyu ne: kana yi masa, kana kuma yi wa wani lokaci na rayuwarka da ya wuce.

Na uku shi ne bazata. Lokacin da Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, ko Ɗan Maraya Jos ranar 20 ga Yuni 2015, an yi babban rashi, amma dattawa ne da suka yi jinya. Mutuwar matashi da ake ganinsa garau da yamma, da dare a ce babu shi, dukanta daban ne. Waɗanda suka yi wayo a 2007 ba su manta yadda haɗarin mota ya ɗauke jarumi Ahmad S. Nuhu a ranar farko ta shekarar ba.

Yadda masoya kiɗan rok ke nasu makokin

Wannan ciwo ba mu kaɗai muka san shi ba. Freddie Mercury, jagoran ƙungiyar Queen, ya mutu ranar 24 ga Nuwamba 1991. A watan Afrilun 1992 aka shirya gagarumin wasa domin tunawa da shi a filin Wembley da ke Landan, mutum kusan 72,000 suka halarta, kuɗin da aka tara kuma aka zuba su a yaƙi da cutar ƙanjamau. Haka da Chester Bennington na Linkin Park ya mutu ranar 20 ga Yuli 2017, masoya a ƙasashe da dama sun taru da furanni da kyandir, sannan abokan waƙarsa suka yi masa wasan tunawa a Los Angeles cikin Oktoban shekarar.

Su can, masoyi yana da wurin zuwa ya sauke abin da ke ransa. Mu tsarinmu daban: a yi wanka da sutura, a yi sallah, a kai mamaci makwancinsa ba tare da jinkiri ba, sannan iyali su zauna karɓar gaisuwa. Masoyin da ke Kaugama ba zai iya zuwa Kaduna ba, kuma babu wanda zai zo ya yi masa ta'aziyya. Shi ya sa makokin namu ya koma waya, a Facebook da TikTok da WhatsApp. Kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna.

Abin da ya kamaci masoyi

Da farko, kada kunya ta hana ka jin abin da kake ji. Hawaye ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Abin da aka hana shi ne kururuwa da maganganun rashin yarda da ƙaddara.

Sannan don Allah a daina yaɗa hoton gawa ko bidiyon lokacin da mutum ke cikin mawuyacin hali. Duk sanda wani fitacce ya rasu sai ka ga ana rige-rigen sakawa don neman mabiya. Ka tuna iyalinsa ma suna riƙe da waya. Haka jita-jitar "an yi masa kaza" ko "wane ne sila": in ba ka da hujja, bakinka alekum.

Akwai kuma muhawarar da ke tashi kowane lokaci, wai a goge waƙoƙin mamaci ko a bar su. Wannan magana ce ta magada da malamai, kowa kuma yana da damar goge na wayarsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a hau yanke wa mamaci hukuncin lahira tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

In kuwa za ka ci gaba da sauraro, to ka sani waƙa dukiya ce da ake gada. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙar da mutum ya tsara har shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsa. Idan ka saurara a shafin mawaƙin na ainihi a YouTube ko Audiomack, akwai yiwuwar wani abu ya kai ga magada. Idan ka kwafe ka ɗora a naka shafin kana karɓar kuɗin talla, haƙƙin marayu kake ci. Wanda kuma ya san an yi masa waƙar biki ko ta siyasa bai cika kuɗi ba, bashin nan bai mutu ba, na magada ne, ya nemi hanyar kai musu.

Da zan sake haɗuwa da dattijon nan a wurin mai shayi, zan ce masa: Baba, ba ɗan uwanmu ba ne na jini, amma muryarsa ta yi shekaru tana zaune da mu, shi ya sa muka ji. Abin da ya rage tsakaninmu da shi yanzu addu'a ce da kiyaye mutuncinsa da haƙƙin waɗanda ya bari.

Allah ya jiƙan El-Mu'az, ya gafarta masa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.