3.4 Kafofin Sada Zumunta a Matsayin Dandalin Koken Ɗalibai Baƙar Fata a Amurka

A wannan sashe za a duba yadda ɗalibai baƙar fata na jami'o'in Amurka suka yi amfani da kafofin sada zumunta wajen bayyana wariyar launin fata da ake nuna musu. Abin lura shi ne, yawancin wannan wariya ba a rubuce take cikin dokar makaranta ba. Takan zo ne ta hanyar baƙar magana, ko habaici a cikin aji, ko zargin cewa alfarma ce ta shigo da ɗalibi jami'a, ba ƙwazonsa ba. Idan ɗalibi ɗaya ya kai irin wannan ƙara, cikin sauƙi hukuma kan ce bai fahimci abin da aka nufa ba ne. Amma idan ɗaruruwa suka faɗi abu iri ɗaya a wuri guda, musu yakan yi wuya.

Alal misali, a watan Nuwamba na 2013, ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta Jami'ar Mishigan ta ƙirƙiro alamar #BBUM a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023. A lokacin, baƙar fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na ɗaliban jami'ar ba, domin tun 2006 jihar ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi a ƙarƙashin wannan alama. A Janairun 2014 ƙungiyar ta gabatar da buƙatu 7, ciki har da maido da cibiyar al'adu ta Trotter tsakiyar makaranta. An buɗe sabon ginin a 2019.

Haka kuma, a Jami'ar Misuri a 2015, wani ɗalibi ya shiga yajin ƙin cin abinci, sannan 'yan wasan ƙwallon jami'ar suka sanar a Twitter cewa sun ƙaurace wa wasa. Fasa wasa ɗaya kawai zai jawo wa jami'ar tarar dala miliyan 1. Ranar 9 ga Nuwamba shugaban jami'ar, Tim Wolfe, ya yi murabus.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa aikin kafofin shi ne tattara shaida da yayata ta. Biyan buƙata kuwa ya samu ne bayan da ɗaliban suka haɗa rubutun da tsayayyar ƙungiya da matakai na zahiri. Dama Hausawa sun ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.