Yadda Haske Ke Auna Ƙurar Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai hazo ya lulluɓe unguwanni irin su Ƙofar Wambai a tsohon birnin Bauchi, inda ƙurar ke cakuɗuwa da hayaƙin janareto da na babura da na murhun masu tuya. Ƙwayoyin da suka fi illa su ne waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 2.5 ba, alhali silin gashi kan kai kusan 70, domin su ne ke zarcewa can cikin huhu.

Na'urar hannu da ake auna su da ita tana aiki ne bisa abin da kowa ke gani idan hasken rana ya ratso ta kafar ƙofa, ƙura ta bayyana tana yawo a cikinsa. Ƙaramar fanka ce ke zuƙo iska zuwa wani lungu mai duhu, inda siririn hasken leza ke ratsa ta, kuma duk ƙwayar da ta gifta sai ta warwatsa hasken, wani idon lantarki da aka kafa a gefe ya kama ƙyallin ya mai da shi sigina. Yawan ƙyallin ke nuna adadin ƙwayoyin, ƙarfinsa kuma ya nuna girmansu, bisa lissafin da Bajamushe Gustav Mie ya wallafa a 1908.

Sai dai lambar da ke fitowa a fuskar na'urar, wato maikurogiram nawa ke cikin kowace mita kubik ta iska, kirdado ce, tunda na'urar ba ta ɗora ƙura a sikeli. Wasu kamfanoni da ƙurar Arizona ta Amurka suke saita na'urorinsu, wadda nauyinta da launinta suka sha bamban da baƙin hayaƙi, sannan danshin damina kan kumbura ƙwayoyi har lamba ta haura gaskiya, yayin da na'urori masu araha kan kasa ganin manyan ƙwayoyin hunturu. Shi ya sa masana kan ajiye na'urar kusa da matatar da ake aunawa a sikeli kafin ta sha ƙura da bayan ta sha, su gyara lissafin, kana su gwada sakamakon da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ya sa iyakar ƙananan ƙwayoyin a maikurogiram 15 a matsakaicin awa 24.