Hannun dama, sirrin jita a kiɗan kantiri

Duk wanda ya taso a Kafanchan, Kauru ko wani gari na kudancin Kaduna, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Jim Reeves ko Don Williams a rediyo ko kaset ba. Muryar ce takan zauna a zuciya, amma abin da ke ɗauke da ita shi ne jitar da ke riƙe da kari daga baya.

Salon ba shi da sarƙaƙiya. Jita na da tsirkiya shida. Makaɗi zai taɓa tsirkiya ɗaya mai kauri da babban yatsa, ya share sirara gaba ɗaya, ya koma wata mai kauri, ya sake sharewa. A haɗin amo na G, yakan fara da tsirkiya ta shida, sannan ta huɗu. Idan zai koma C, sai ya hau da amo uku a jere, G, A, B, tamkar mai taka matakala, har mai sauraro ya ji sauyin tun kafin ya iso. Da G, C da D kaɗai ana kaɗa waƙoƙi masu ɗimbin yawa.

Maybelle Carter, wadda aka fara ɗaukar kiɗan gidansu a Bristol ta Amurka a 1927, ta yi fice wajen fitar da karin waƙa da babban yatsa yayin da manuniya ke share sauran tsirkiyoyi. A farkon tashensa, Johnny Cash ba shi da mai ganga, don haka a waƙar "I Walk the Line" ta 1956 ya cusa takarda tsakanin tsirkiyoyin jitarsa domin ta ba da sauti irin na ƙaramar ganga. Kunnen Bahaushe ba baƙon wannan ba ne: marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake riƙe waƙa tun daga farko har ƙarshe.

Yau a majami'u da wuraren biki, kibod mai ajiyayyen kari ya karɓe yawancin wannan aiki, matasa masu koyon jita kuma sun fi ɗokin gudun yatsun hannun hagu. Nan ne ake yin asara, domin na'ura ba ta jiran mawaƙi ya ja numfashi. Mai koyo ya fara a hankali, yana buga ƙafa yana ƙirga huɗu: ɗaya da uku na tsirkiya mai kauri, biyu da huɗu na shara. Kada ya ƙara sauri sai ya iya sauyawa daga G zuwa C ba tare da ƙafar ta tsaya ba.