Kafin ka sayi kwamfutar nutso ta gwanjo

Mu matasa ai mun saba da gwanjo. Waya, laftof, takalmi, duk mun saya. In wayar ta ba da matsala sai ka kai wa mai gyara, ko ka yi haƙuri. To amma akwai kayan da in ya yi maka ƙarya, ba kuɗinka kawai zai ci ba, har da lafiyarka. Kwamfutar nutso na cikinsu.

Idan karatu ko aiki ya kai ka bakin Bahar Maliya, kamar Hurgada a Masar ko Jidda a Saudiyya, za ka ga masu nutso da tukunyar iska a baya, sun ɗaura wani abu kamar agogo a hannu. Wannan ita ce kwamfutar. Sabuwa tana da tsada, shi ya sa mai koyo ke karkata ga ta hannu.

Mene ne aikinta? Duk mita 10 da ka yi ƙasa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma matsin yana tura ta cikin jini da tsoka. In ka taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Sakamakon shi ne ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci ma mutuwa. Kwamfutar tana auna zurfi da lokaci, ta gaya maka yaushe za ka taso da kuma inda za ka dakata, misali minti 3 a mita 5. Da yawansu suna aiki ne da lissafin likitan Suwizalan Albert Bühlmann, wanda ya wallafa a 1983.

Ka ga ke nan duk lissafin ya rataya ne a kan ɗan ma'aunin matsi da ke cikinta. Idan ya lalace, sikirin zai ci gaba da haske yana ba ka lambobin bogi. Don haka:

Kunna ta a tudu. In ta nuna zurfi alhali kana tsaye a shago, ajiye ta ka yi gaba.

Buɗe ma'ajiyar bayananta ka ga nutso nawa aka yi da ita. Kar ka tsaya ga "wallahi sau biyu na sa ta".

Duba gidan batir. Tsatsa ko farin gishiri alama ce ruwa ya taɓa shiga. Canja batir tare da zoben robar da ke toshe ruwa.

Bincika ko kamfanin, Suunto ne ko Mares ko Cressi, har yanzu yana gyara wannan samfurin.

Kai ta shagon kayan nutso a gwada ta a tukunyar matsi. A nutson farko kuma ka kwatanta ta da ta malaminka a ruwa marar zurfi.

Abu na ƙarshe, kwamfutar tana riƙe lissafin naitirojin na wanda ya yi nutso da ita. In jiya aka shiga ruwa da ita, bari sai lissafin ya goge.

Mai sayarwa ya ƙi a gwada? Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado, balle a mita 30 ƙarƙashin teku.